Gonar Wane Ce? Ikon Ƙasa da Mallakar Gona a Gaya da Ajingi

A ƙauyukan Ajingi, idan rigimar gona ta tashi, wanda mai unguwa ke fara aika a kira shi ne dattijon da ya ga ranar da aka dasa gambar iyaka. Takarda sai daga baya, in ma akwai ta. Da wannan tsari kaka da kakanni suka zauna lafiya, amma yanzu ya fara rauni. Gona ta zama haja, cinikinta ya yawaita, dattawan da ke riƙe da labarinta kuma suna ta komawa ga Allah ɗaya bayan ɗaya.

Ikon ƙasa daban, mallakar gona daban, kuma na farkon ne tarihin ƙasar Gaya, wadda Ajingi ke cikinta, ya adana. Littafin Tarihin Kano ya kawo Agalfati, ɗan Sarkin Machina, a matsayin Sarkin Gaya a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452-1463). Ya kuma kawo Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya hana haraji shekara uku a zamanin Sarki Dadi (1670-1703), har aka yi masa dabara aka kashe shi. Abin da sarakuna ke faɗa a kansa ke nan: wa zai karɓi haraji, wa za a kai wa gaisuwa. Bayan jihadi ma haka aka ci gaba. Yawancin hakimai suna zaune a Birni, garuruwansu a warwatse, jakadu ne ke zuwa su tattaro kuɗin ƙasa da zakka, ko da yake Gaya na cikin manyan garuruwan da sarkinsu ke zaune a gida. Talaka kuwa, in ya sare daji da izinin dagaci, gona ta zama tasa da 'ya'yansa. In ya yi ƙaura ya bar ta ta mutu, sai ta koma hannun dagaci ya bai wa baƙo.

Turawa sun ci Kano a 1903. Cikin 'yan shekaru suka yanka gundumomi, suka tura hakimai su zauna a ƙasashensu, aikin jakadu ya mutu. Wani kwamiti da ya zauna a Landan a 1908 ya share fagen dokar 1910, wadda ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin ikon Gwamna. Dokar 1962 ta gaji wannan, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha ga gwamnanta, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar zama a karkara. Ita kanta sarautar ba ta huta ba. A 2019 Gwamna Ganduje ya ɗaga Gaya ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe dokar da ta yi haka, a Yulin shekarar aka dawo da masarautar da daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Duk wannan juyi ya wuce ta saman kan manomi. Babu ko ɗaya da ya sauka ƙauye ya rubuta masa cewa gonar nan tasa ce. Malaman taki na zamanin En'e sun auna gonaki da ƙafa, amma don yanka haraji suka auna, kuma tun da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, hukuma ta rasa dalilin da zai sa ta san wa ke noma ina.

Ingila ta bi wata hanya, kuma kwatancin yana da amfani. A 1086 Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta gandayen ƙasarsa a kundin Domesday: wa ke riƙe da kowanne, wa ya riƙe shi kafin yaƙin 1066, garma nawa ke aiki a ciki. Shi ya sa har yau ake iya bin sawun gandu guda daga gida zuwa gida tsawon shekara ɗari tara. Sai dai abin da ya riƙe gandayen nan a dunƙule shi ne al'adar bai wa babban ɗa ƙasa duka, ƙannensa su nemi na kansu. Rabon gado na Musulunci ya fi wannan adalci nesa ba kusa ba, tunda ɗa da 'ya da matar mamaci kowa na da kasonsa. Amma adalcin yana buƙatar rubutu fiye da na Ingila, domin gonar da ake yankawa a kowane ƙarni iyakokinta ninkuwa suke yi.

A da gandu ne ke rufe wannan ɓaraka. Uba ya rasu, wa ya riƙe ƙannensa, a yi noma tare, kowa da gayaunarsa a gefe, rabon ya tsaya a baki. Kuɗin gyaɗa, tun daga 1912 bayan jirgin ƙasa ya iso Kano, ya koya wa saurayi cewa zai iya tsayawa da kansa, cirani kuma ya ƙarasa aikin. Ga jama'a ta ƙaru: ƙidayar 2006 ta bai wa Ajingi mutum sama da 170,000, kuma tun daga lokacin ba a daina haihuwa ba. Dajin da za a sara ya ƙare, barin gona ta huta ya zama labari. Sai kuma buƙata. Auren 'ya, kuɗin asibiti, takin zamani da ya gagari talaka, kowanne na iya sa magidanci ya ba da jinginar gona, jinginar da ba a fansa ba kuwa ƙarshenta sayarwa.

Ba duka abin baƙin ciki ba ne. Gona mai daraja a kasuwa takan fitar da mai ita kunya, kuma mata da yawa da a da ake cewa su bar rabonsu wajen 'yan'uwa maza, yanzu suna tsayawa a gaban alƙali su karɓa. Wannan ci gaba ne, kuma ina murna da shi. Abin da ke damuna shi ne yadda ƙarfi ya karkata. Mai kuɗi ɗan kasuwa ko ma'aikaci, da ya saya sai ya sa a rubuta, dagaci ya sa hannu, wani ma ya kai har ofishin filaye a Kano. Maƙwabcinsa da ya gaji tasa tun kakanni ba shi da komai sai bakin mutane. Ranar da iyaka ta motsa, ko hukuma ta zo karɓar fili, dokar 1978 ta ce diyyar amfanin gona da gini za a biya, ƙasar kanta ba ta da diyya, kuma maras takarda ne ke fara wahala wajen tabbatar da ko wannan ɗin. Makiyayi ya fi kowa asara, domin burtali ba shi da magaji da zai tsaya masa, kowace damina ana ɗan gutsurarsa daga gefe.

Ƙaramar hukumar Ajingi na da ikon ba da shaidar zama a ƙarƙashin dokar 1978. Abin da ya rage shi ne ta haɗa kai da hakimi da dagatai a buɗe kundi a kowace dagaciya, a kan kuɗin da manomi zai iya biya, a rubuta gona da maƙwabtanta huɗu, da yadda ta zo hannun mai ita, gado ne ko saye ko jingina, a sa burtali da maƙabarta a ciki. A fara da unguwannin da shaidunsu suka fi tsufa.