Uwargida, Tambayi Tukunyarki Kafin Ki Sayi Murhu

Yau zancenmu a kan murhu ne. Kada ki ce ƙaramin abu ne. Gado da kwanukan jere ado ne, amma murhu shi ne abin da za ki durƙusa gabansa sau uku kowace rana. Sau da yawa akan kai wa amarya murhu mai ƙyalli don 'yan kallo su yaba, bayan wata biyu sai ka gan ta a tsakar gida ta jera duwatsu uku tana hura wuta.

To, da farko tambayi tukunyarki. Mutum nawa kike ciyarwa? In ke da maigida ne da yaro ɗaya, ƙaramar tukunyar gas mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗora girki a kanta, ta ishe ki. Amma in kina tuƙa tuwon mutum goma, kada ki kuskura. Muciya tana son murhu mai faɗin gindi, wanda yake kusa da ƙasa. In kin ɗora babbar tukunya a kan siririn murhu, wata rana talge zai kife a ƙafarki, ko a kan yaron da ke rarrafe.

Na biyu, dubi abin da za ki riƙa ƙonawa, gama kuɗin murhu sau ɗaya ake biya, kuɗin wuta kuwa kullum ne. Risho ba shi da tsada, amma tun da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin kananzir a 2016, ciyar da shi ya zama aiki. Araha ba ta ado. Gas yana da sauri, ba ya baƙanta tukunya, amma ki tabbata akwai wurin ɗura shi kusa da ku. Na lantarki kuwa, kin fi kowa sanin yadda wutar unguwarku take. Kada ya zama shi kaɗai gare ki.

Wadda itace ne ya fi mata sauƙi, ita ma tana da zaɓi. A murhun duwatsu uku yawancin zafi yana tserewa ta gefe, iska ta kwashe, kaɗan ne yake isa gindin tukunya. Murhun da aka kewaye da yumɓu ko ƙarfe yana tsare zafin, sai itace kaɗan ya dafa abinci mai yawa. 'Yan'uwanmu na Nijar sun daɗe da irin wannan, suna kiransa Mai Sauƙi. Akwai kuma wani na ƙarfe mai suna Save80, wanda ƙananan ƙirare suke isarsa. Amma ki je da tukunyarki ki gwada ta a kai, kada ki yi cinikin biri a sama.

Na uku, kuma shi ne babba, lafiyarki. Ɗaga kai ki dubi rufin ɗakin girkinki. Baƙin nan da ya manne a sama, irinsa ne yake shiga ƙirjinki da na jaririn da kike goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a gidaje yana kashe mutum wajen miliyan 3 a kowace shekara. Shi ke kawo tari, da ciwon ido, da ciwon huhu ga yara. In itace ne, ki dafa a fili ko a ɗaki mai taga, ki yi amfani da busasshe.

Gawayi kuma kada ya ruɗe ki don ba ya hayaƙi sosai. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Lokacin hunturu kada ki shigar da kurfoti ɗaki ki rufe ƙofa da taga. Barci ne zai ɗauke mutum, ba ya farkawa.

Ke mai gas, ga naki. Tukunyar gas a tsaye take zama, ba a kwantar da ita. Ki shafa kumfar sabulu a bakinta da jikin tiyo, in kin ga yana tsiyayar ƙwai, to, yana yoyo. Harshen wuta shuɗi shi ne na ƙwarai, in ya koma rawaya a gyara. In kin ji warin gas, kada ki ƙyasta ashana, kada ki taɓa makunnin lantarki. Rufe tukunyar, buɗe ƙofa da taga, gama gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya.

Ke mai risho, kada ki zuba kananzir wuta tana ci, kada kuma ki ajiye shi a kwalbar lemo, yaro zai ɗauka abin sha ne.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan, gama gobe ku ne a bakin murhu. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu da gobara, amin. Sai mako mai zuwa.