Kafin Ka Sayi Ƙarafan Golf, Wa Zai Auna Ka?

Manomin Gangara da ya sayi ruwan fartanya a kasuwar Jibia ba ya ɗaukar ƙotar da hannunsa ya fara taɓawa. Zai ɗaga wannan, ya sunkuya kamar yana kan kunya, ya sari ƙasa sau biyu, ya ajiye ya ɗauki waccan. Masassaƙin da ya san aikinsa shi ma mutumin yake kallo: tsayinsa, tsawon hannunsa, yadda yake lanƙwasa baya. Ƙotar da ta gaza za ta cinye ƙugun mai ita kafin azahar, wadda ta zarce kuma ruwan ba zai kama ƙasa daidai ba. Wannan ilimin da babu littafin da aka rubuta shi a ciki, shi ne manyan kamfanonin golf suke sayarwa yau da kuɗi masu tsoka, da na'ura da kwamfuta, suna cewa mutum ya zo a auna shi kafin a haɗa masa sanduna.

Babu filin golf a Gangara, kuma ba mai cewa rashinsa ne ya hana mutanen bakin iyaka barci. Amma 'ya'yan yankin suna nan birjik a Kano da Kaduna da Abuja, wasu a kwastan, wasu a soja, wasu a banki ko kasuwa. Idan shekaru suka fara ja, likita ya ce a riƙa tattaki, sai aboki ya ja mutum zuwa fili. Wasan kuwa ba baƙo ba ne a Arewa. Tun 1913 Turawan haƙar kuza suka kafa filin Rayfield a Jos, na Kaduna ya biyo baya a 1921, Kano tana da nata tsohon fili, Abuja ta samu na IBB a 1991. Sabon shiga yakan fara da jakar da wani ya ba shi ko ta gwanjo. Ranar da aljihu ya yi nauyi ya tashi sayen sababbi, tambayarsa ta farko ita ce wane kamfani ya fi. A ganina tambayar da ta fi wannan amfani ita ce: a hannun wa zan je a auna ni?

Dokar wasan ba ta yarda a wuce da sanduna 14 a jaka ba, kuma kusan rabinsu ƙarafa ne masu lamba, galibi daga 4 ko 5 zuwa 9, sai masu kwantacciyar fuska na bugun kusa da rami. Duk lambar da aka hau, ƙotar tana raguwa da rabin inci, fuskar kuma tana ƙara kallon sama, ƙwallo ta tashi sosai ta sauka kusa. Ƙarfe mai lamba 7, wanda aka fi yin awo da shi, tsawonsa wajen inci 37 ne idan an ɗauko shi daga kanti. An yanka shi ne don wani matsakaicin mutum da kamfani ya zana a takarda. Dogon Bafillace da gajeren ɗan kasuwar Kwari duk ba shi ba ne.

Abin da ya fi cutar mutane ba su sani ba shi ne zaman kan sandar a ƙasa lokacin da ta haɗu da ƙwallo. Tsakanin ƙota da gindin kan akwai kusurwa, wajen digiri 62 a lamba 7. Idan kusurwar ta dace da mai bugu, gindin zai shafi ƙasa a tsakiyarsa. Idan sandar ta miƙe fiye da kima, hancinta zai ɗaga, dunduniyarta ta tono ƙasa, fuskar ta karkata, ƙwallon mai bugu da hannun dama ta tafi hagu. Idan ta kwanta da yawa, hanci ne zai nutse, ƙwallo ta bi dama. Abin takaicin shi ne mutum zai iya yin lilo mai kyau, ya bugi ƙwallo a tsakiyar fuska, ta kauce duk da haka, kuma kaucewar ta fi muni a gajerun ƙarafan da ake neman rami da su. Daga nan sai ya fara gyara tsayuwarsa don ya biya wa sandar buƙata: ya karkata kafaɗa, ya murɗe hannu. Bayan shekara biyu ya koyi mugun bugu da zai wahalar da duk mai horarwar da ya karɓe shi. Digiri biyu kacal sun isa su jawo wannan.

Tsawo kuma ba daga tsayin mutum kaɗai ake yanke shi ba. Ana sa mutum ya tsaya da takalmi, hannuwa a sake, a auna daga wuyan hannu zuwa ƙasa. Dogo mai dogayen hannuwa zai iya zama daidai da sandar kanti, matsakaici mai gajerun hannuwa kuma ya buƙaci ƙari. Katsinawa ba sa buƙatar dogon bayani a nan. Garin da ya rungumi ƙwallon dawaki, wato folo, tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya kuma ga Sarki Usman Nagogo a kan doki, ya san ɗan folo ba ya zuwa fili da sanda ɗaya. Idan ya sauya doki ya hau wanda ya fi tsayi, sandar ma sai ya karɓi mai inci 53 a maimakon 52, don abin da ake so shi ne kan sandar ya iske ƙasa ba tare da mahayi ya rataya ba.

Sai ƙotar kanta. Da can itace ce, sai hukumar golf ta Amurka ta halatta ta ƙarfe a 1924, ta St Andrews a Sikotilan ta bi sahu a 1929. Yau akwai ta ƙarfe, mai nauyin giram 95 zuwa 130, akwai ta girafayit da ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ana buga musu haruffa, L da A da R da S da X, daga mai laushi zuwa mai tauri, sai dai babu ma'auni ɗaya da kamfanoni suka yarda da shi: S ɗin wannan kan zama R ɗin wancan. A nan girman kai yake shiga. Dattijo mai shekara 60 zai dage sai S, don kada abokai su leƙa jaka su ga A, alhali ƙotar da ta fi ƙarfinsa ƙwallo ba ta tashi da ita, gwiwar hannu kuma ta kwana tana zogi. Mariƙin roba shi ne mafi araha a gyara, kauri ko siranta gwargwadon tafin hannu, kuma zafin rana da gumin ƙasarmu suna sa ya yi santsi da wuri.

Wanda ya fara mayar da wannan awo tsari ga kowa da kowa shi ne Karsten Solheim, injiniya haifaffen Norway da ya kafa kamfanin Ping a garejin gidansa a Kalifoniya a 1959. A 1972 ya fito da jadawalin launuka: a haɗa tsayinka da awon wuyan hannunka, a ga launin da ka faɗa, a buga ɗigon launin a jikin ƙarfen. Har gobe ana amfani da shi, kuma duk wanda ya ga ɗigo kore ko ja a tsohon Ping na gwanjo ya sani an haɗa shi ne don jikin wani. Amma awon tsaye mafari ne kawai. Mutum ba ya buga ƙwallo a sandare, ƙota tana lanƙwasa a cikin lilo, hannu yana ɗagawa. Shi ya sa aka koma kallon bugun kansa. Kamfanin TrackMan na Denmak, wanda aka kafa a 2003, ya kawo na'ura mai rada da ke bin ƙwallo tana faɗin gudun sanda, kusurwar tashi, yawan juyawa da inda za ta sauka. Wasu na'urorin da kyamara suke aiki.

To, ina za a je? Wuraren iri-iri ne, kowanne da inda yake da ƙarfi. Cibiyar kamfani guda ta san kayanta ciki da waje, tana da kowane kai da kowace ƙota, amma ba za ta taɓa ce maka na maƙwabcinta ya fi dacewa da kai ba. Babban kanti mai kamfanoni da yawa yana ba ka zaɓi, sau da yawa ma awon kyauta ne idan za ka saya, sai dai mai awon ma'aikacin ciniki ne, kuma abin da ke kan kanta shi ake so ya fita. Akwai masu awo masu zaman kansu da ke karɓar kuɗin awo daban, ko ka saya ko kada ka saya. Ni na fi natsuwa da waɗannan, don wanda ka biya ladan idonsa ya fi sauƙin ce maka ƙarafanka na yanzu ba su da laifi, a lanƙwasa su kawai a sauya mariƙi. Sannan ga ƙwararren kulob ɗinka, wanda ƙila ba shi da na'urar miliyoyi amma ya ga bugunka ranar da kake cikin nishaɗi da ranar da ka gaji. Kada a raina shi, haka ma tsofaffin masu ɗaukar jaka, waɗanda da yawansu sun fi iyayen gidansu iya wasan.

Na'ura ba ta ƙarya, amma ana iya yin ƙarya da ita. Dabarar da ta fi yawa ita ce ta nisa. A da fuskar lamba 7 tana kwance wajen digiri 34. Yau akwai masu 28, wato abin da a da ake kira lamba 5 ko 6 aka sauya wa lamba. Za a miƙo maka sabon ƙarfe, ka buga, allo ya nuna ka ƙara yadi 15, zuciya ta yi fari. Ka tambayi digirin fuskar tukuna. Aikin ƙarfe shi ne ya kai ƙwallo wani tazara sananne ta tsaya, saboda haka abin dubawa a allon shi ne yadda ƙwallaye goma suka taru wuri ɗaya, da tsayin da suka yi a sama, da ko tazarar da ke tsakanin lamba da lamba ta daidaita. Mai awon da ya ɗauki bugunka mafi kyau guda ɗaya ya goge sauran, talla yake yi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Da yawa daga masu hali a Dubai ko Ingila suke yin awo idan tafiya ta kama, a ɗaki mai sanyi, a kan tabarmar roba. Tabarma tana yafe kuskure: ko ka sari ƙasa kafin ƙwallo, kan sandar zai zame ya same ta. Ƙasar Kano a watan Maris ba ta yafewa. A busasshiyar ƙasa mai tauri, ƙarfe mai faffaɗan gindi yakan yi tsalle ya bugi ƙwallo a ciki, alhali shi ne aka fi ba sabon shiga saboda yana taimako a ciyawa mai laushi. Wanda zai yi wasa a Rio Bravo da ke wajen Yamai, inda filin yashi ne har 'yan wasa kan riƙe guntuwar tabarma su ɗora ƙwallo, lissafinsa daban ne. Iska ma tana da nata: Jos tana kan tudu mai kimanin mita 1,200, iskarta ba ta da kauri, ƙwallo ta fi tafiya a can fiye da Legas. Mai awo na ƙwarai zai fara da tambayar inda kake wasa, wata nawa ƙasar take bushe, ko kana da ciwon baya ko kafaɗa, da nawa ka ware. Idan ya miƙo sanda bai tambayi ko ɗaya ba, ka riƙe kuɗinka.

Wanda tafiya ba ta kama shi ba yana da gwajin da ba ya cin ko sisi. A ja layi mai kauri da maka a jikin ƙwallo, a ajiye ta layin yana tsaye yana fuskantar sanda, a buga. Tawadar za ta fito a fuskar ƙarfen. Idan layin ya fito a miƙe, zaman ya yi. Idan samansa ya karkata wajen hanci, sandar ta miƙe da yawa, idan wajen dunduniya ne, ta kwanta. A maimaita sau da dama, don bugu ɗaya ba shaida ba ne. Gyaran kuwa ya danganta da yadda aka yi kan. Wanda aka ƙera da duka daga ƙarfe mai laushi, irin na Mizuno da ake yi a Hiroshima, yana karɓar lanƙwasa digiri biyu ko uku a injin da aka yi don haka. Wanda aka zuba a narke ya fi tauri, yana iya karyewa a wuya. Kada a kai wa mai walda, kada a sa guduma.

Batun jabu ba sai an koya wa mutumin Jibia ba, wanda ya ga kaya iri-iri suna ratsowa daga Kwatano ta Maraɗi. Sandunan golf na cikin kayan da ake kwaikwaya sosai, kuma na jabu nauyinsu ba ya daidaita daga lamba zuwa lamba, don haka duk awon da aka yi maka ya tashi a banza idan ka ɗauki takardar awon ka je ka sayi mai arahar da ta wuce hankali a intanet. Manyan kamfanoni suna buga lambar shaida a wuyan ƙarfe, ana iya tambayarsu a kanta.

Takardar nan ita ce abin da za ka fito da shi daga wurin awo, ko ka saya a nan ko ba ka saya ba: sunan kai, sunan ƙota da nauyinta da taurinta, ƙarin tsawo ko ragi, digirin zama, kaurin mariƙi. Wanda ya hana ka ita yana so ne ya ɗaure ka a shagonsa. Idan kayan suka iso, a sake ɗora su a ma'auni a gwada da abin da aka rubuta, don masana'anta ma tana kuskure da digiri ɗaya ko fiye. Wanda bai fi wata uku da fara wasa ba kuma ya dakata: bugunsa bai zauna ba, abin da aka auna yau zai sauya kafin damina. Awon tsaye da 'yan darussa sun ishe shi. Mai ƙarafa masu laushi da ke dukan ƙasar rani kullum, shi kuma ya riƙa kai su a duba digirinsu duk shekara, saboda dukan kansa yana lanƙwasa su a hankali.