Me Ya Fitar da Amurka Daga Karayar Arziki?

Yau hirar tamu za ta kai mu Amurka ne, can baya, lokacin da ƙasar ta shiga wani irin talauci da har yanzu ba a daina maganarsa ba.

A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe. Bankuna dubbai suka durƙushe da ajiyar mutane a ciki, masana'antu suka rufe. Zuwa 1933, cikin kowane ma'aikata huɗu ɗaya ba shi da aikin yi. Uwargida, ke kin san yadda gida yake idan maigida ya fita ya dawo babu na cefane.

A shekarar ne Franklin Roosevelt ya hau mulki, ya fito da shirin farfaɗo da ƙasa mai suna New Deal. Gwamnati ta ɗauki marasa aiki tana biyansu, suna gina hanyoyi da gadoji da makarantu, samari suna dashen itatuwa. A 1935 aka kafa dokar fanshon tsofaffi. Kuɗi suka fara zagayawa, domin wanda aka biya zai sayi abinci, mai abinci kuma ya kai ɗinki wurin tela. To amma a 1937 gwamnati ta ji tsoron bashi, ta rage kashe kuɗi, sai ciwon ya dawo. A 1938 kusan mutum ɗaya cikin biyar na zaune.

Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu. Amurka ta shiga a Disamban 1941, kuɗin da gwamnati ke kashewa ya ninka kusan sau goma tsakanin 1940 da 1945. Kamfanonin mota suka koma ƙera tankoki da jiragen sama. Mutum wajen miliyan 16 suka shiga soja, mata miliyoyi suka cike gurbinsu a masana'antu. Zuwa 1944 rashin aiki ya yi ƙasa da kashi 2 cikin ɗari.

Shi ya sa wasu ke cewa yaƙi ne ya warkar da Amurka. Ni dai a ganina maganar tana buƙatar gyara. Ba harbe-harben ne suka kawo aiki ba, yawan kuɗin ne. Gwamnati ta kashe a yaƙi abin da ta yi wa rowa a zaman lafiya. Kuma aikin ya samu, jin daɗi bai samu ba: sukari da nama da man fetur, har takalma, sai da kati ake sayensu. Amurkawa fiye da dubu 400 ba su dawo gida ba. Hanyoyi da makarantun New Deal kuwa an daɗe ana cin moriyarsu, dokar fanshon nan ma tana nan tana aiki.