Star Wars: Ta yaya ɗan shekara 9 ya tsufa da zama Jedi?

A fim ɗin The Phantom Menace na 1999, majalisar Jedi ta ce Anakin Skywalker ya wuce shekarun koyo, alhali shekararsa 9 kacal. Baiwa kam yana da ita: gwajin jininsa ya nuna midi-chlorian sama da 20,000, har ya zarce Yoda. Abin da suka hango shi ne tsoron rasa mahaifiyarsa, Shmi. Su Jedi tun yaro yana ƙarami suke ɗaukarsa, kafin ya shaƙu da kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To amma ku dubi Luke. A fim ɗin 1980 Yoda ya ce shi ma ya tsufa, kuma shi ne ya ceto mahaifinsa daga duhu. Haka Rey ta fara da girmanta a Jakku, duniyar da aka ɗauka a hamadar Abu Dhabi, tafiyar 'yan awanni daga nan Al Khabaisi inda nake zaune.

Ni a ganina, tsoro ne ya kayar da Anakin, shekaru ba su da laifi. Ku masu turo min saƙo cewa kun makara da koyon haɗa manhaja a shekara 25, gemu dai ba ya hana ilimi.