Ƙwallayen Gidan Medici: Tambari Ba Shaidar Jini Ba Ne

Duk wanda ya zaga birnin Fulorans na Italiya zai yi ta cin karo da wata garkuwa mai ruwan zinariya a bangon gine-gine, ɗauke da ƙwallaye shida, biyar jajaye, ta sama shuɗiya. Tambarin gidan Medici ke nan, zuri'ar da ta taso daga kwarin Mugello, wadda Giovanni di Bicci ya kafa mata banki a 1397. Wannan tambari labarin ƙarfin gidan yake bayarwa, ba labarin asalinsa ba.

An ce wai kakansu Averardo, barden Sarki Shaleman, ya kashe wani ƙato a Mugello, kuma ƙwallayen su ne lotsawar da kulkin ƙaton ya yi wa garkuwarsa. Wannan tatsuniya ce irin wadda maroƙa ke ƙaga wa attajiri idan kuɗi ya zo yana neman sarauta. Wani zai ce ai ma'anar sunan Medici ita ce likitoci, saboda haka ƙwallayen ƙwayoyin magani ne, ga shi kuma gidan ya riƙi waliyyan Kirista Kosmas da Damiyan, waɗanda likitoci ne. Hujjar tana da daɗin ji, amma Medici da tarihi ya sani 'yan canji ne, kuma tambarin ƙungiyar 'yan canjin Fulorans tsabar zinariya ce a kan jan fili, wato launukan Medici a juye. Adadin ƙwallayen ma ya sha sauyawa kafin ya tsaya a shida. Ita kuwa shuɗiyar, kyauta ce ta siyasa: a 1465 Sarki Luwis na 11 na Faransa ya yarje wa Piero de' Medici ya ɗora furannin sarautar Faransa a kanta.

Babbar shaidar cewa tambari ba ya tabbatar da jini ita ce ta Fafaroma Piyus na 4, da aka zaɓa a 1559. Sunansa Medici, amma ɗan wani gida ne na Milan da bai haɗa jini da na Fulorans ba. Duk da haka ƙwallayen ya yi amfani da su, domin alaƙar ta yi wa ɓangarorin biyu rana. Amma a al'adar Italiya tambari na gida ne, ba na suna ba, don haka masu sayar wa mutane tambari bisa sunan mahaifi kawai, kayan wani suke sayarwa.