Yadda Masana'antu Za Su Kare Hasumiyar Sanyaya Ruwa Daga Ɓawon Farar Ƙasa Ba Tare Da Sinadarai Ba

Suleja, garin da Ladi Kwali ta yi suna a cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa, ba baƙo ba ne ga hikimar randa. Ruwa na tsattsafowa ta jikinta, iska ta kwashe shi, na ciki ya yi sanyi. Wannan dabara ce ke aiki a hasumiyar sanyaya ruwa, wadda masana'antun ƙanƙara da na roba da manyan otal-otal ke dogaro da ita wajen rage zafin injuna: ana yayyafa ruwan zafi daga sama, fanka ta hura iska, wani kaso ya tashi tururi, sauran ya koma cikin injin da sanyinsa.

Matsalar ita ce ruwa kaɗai ke tashi. Ma'adinan kalsiyam da magniziyam da ke narke a cikinsa suna nan a ƙasa, suna ƙara yawa. Ma'adinin farar ƙasa kuwa yana da hali na daban da sukari ko gishiri: idan ruwa ya ƙara zafi, ƙarfinsa na riƙe shi raguwa yake yi. Shi ya sa ɓawon ke fara kamawa a bututun da ya fi zafi, kamar yadda ake gani a gindin butar shayi. Jan ƙarfe ya fi wannan ɓawo saurin watsa zafi fiye da sau 100, don haka ko ɗan siririn ɓawo na tilasta wa injin ƙarin aiki, kuɗin lantarki da dizal su ƙaru.

Suleja na zaune ne a kan tsoffin duwatsu irin na Dutsen Zuma, ba kamar yankin Kalambaina na Sakkwato ba, inda dutsen farar ƙasa ke ciyar da masana'antar siminti. Ruwan irin wannan ƙasa bai cika ɗaukar farar ƙasa da yawa ba, amma hakan ba kariya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa ruwan da ma'adinansa suka haura miligiram 200 a lita na iya barin ɓawo, wanda bai kai 100 ba kuma na iya cin ƙarfe. Ruwan burtsatse mai miligiram 60, idan hasumiya ta ninka shi sau huɗu, ya kai 240. Saboda haka matakin farko shi ne a kai ruwan ɗakin gwaji, da rani da kuma damina.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne araha, shi ne zubar da wani kaso na tsohon ruwan a maye shi da sabo. Lissafinsa a fili yake. Idan lita 1,000 ta tashi tururi, kuma ana son ma'adinai su tsaya a ninki uku, sai a zubar da lita 500. Idan ruwan zai jure ninki shida, lita 200 ta wadatar, jimillar ruwan da ake buƙata ta sauka daga 1,500 zuwa 1,200. Wata ƙaramar na'ura mai auna yadda lantarki ke ratsa ruwa tana iya buɗe famfon zubarwa da kanta idan ma'adinai suka kai iyaka, ba sai an dogara da ƙiyasin ma'aikaci ba.

Na uku shi ne tacewa. Hasumiya na wanke duk iskar da ta shige ta, kuma daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na zama laka a cikin kwarminta, ɓawo ya samu madafa. Matatar yashi da ke jan ɗan kaso na ruwan a gefe tana rage wannan. Inda ruwa ke da zartsi sosai, irin matatar da masu ruwan leda ke amfani da ita, wadda ke matsa ruwa ta cikin siririyar fata, tana cire mafi yawan ma'adinai tun kafin su shiga. Akwai kuma na'urar da ke amfani da lantarki ta tara ɓawon a jikin wani farantin ƙarfe da ake kankarewa lokaci-lokaci.

Game da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututu kuwa, gwaje-gwaje ba su ba da sakamako iri ɗaya ba, kuma ba ya cire ma'adinai daga ruwa. Mai masana'anta ya nemi gwaji a kan nasa ruwan kafin ya biya.

Sai dai magance ɓawo daban, kashe ƙwayoyin cuta daban. Ruwa mai ɗumi na raya gansakuka da ƙwayar Lejiyonela, wadda aka gano bayan ɓarkewar cutar huhu a wani otal na birnin Filadelfiya da ke Amurka a 1976. Feshin hasumiya na iya kai ta ga ma'aikata da maƙwabta. Duk wanda ya daina zuba sinadarin hana ɓawo, wajibi ne ya ci gaba da wanke hasumiyar da kashe ƙwayoyin cuta a kan kari, tare da ajiye rijistar awon ruwa na kowace rana.