Maimaitaccen barkwanci

Maimaitaccen barkwanci shi ne abin dariya da ake dawowa da shi a kai a kai a cikin shiri ɗaya, har masu kallo su saba da shi, su riƙa jiran zuwansa. Yana iya zama kalma, ko wani hali na ɗan wasa, ko sutura, ko wata masifa da ke afka wa mutum guda a kowane kashi na shirin. An fi saninsa a katun, wato zane mai motsi, musamman waɗanda suka daɗe ana yi kamar Tom and Jerry da The Simpsons. A ƙasar Hausa wannan dabara ta girmi talabijin, domin akwai ta a tatsuniya da tashe da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, kuma a kanta aka gina finafinan camama na Kano.

Yadda yake aiki

Barkwanci na yau da kullum yana dogara ne da ba-zata: mai sauraro bai san inda zancen zai faɗa ba. Maimaitaccen barkwanci kuwa ya dogara da sabo. Mai kallo ya riga ya san ƙarshen abin, saboda haka abin da yake jira shi ne hanyar da za a bi a kai ga wannan ƙarshen a yau. A karon farko abin yakan ba da dariya don baƙo ne. A karo na biyu sai mai kallo ya gane cewa da gangan ake yi. Daga na uku ya zama alkawari tsakanin masu shirin da masu kallo.

Don haka akwai ɓangare biyu a cikinsa: wanda ba ya canzawa da wanda dole ya canza. Idan aka taɓa na farko, barkwancin ya ɓace. Idan aka ƙi taɓa na biyu, ya gundiri mutane. Yana kuma raba masu kallo gida biyu, domin wanda ya daɗe yana bin shirin yakan fara dariya tun kafin a kai wurin, baƙo kuwa sai ya tsaya yana tambayar abin da ya faru.

A cikin katun

Katun ya fi kowane irin wasa dacewa da wannan dabara saboda dalili biyu. Na farko, zanen ba ya tsufa: yaron da aka zana yana da shekara 10 zai iya zama a haka shekara 30. Na biyu, jikinsa ba ya riƙe rauni. Za a iya danne shi da dutse ya baje kamar gurasa, bayan daƙiƙa kaɗan ya miƙe garau, a sake daga farko.

Tom and Jerry, wanda William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙira a kamfanin MGM na Amurka, ya fara fitowa a 1940. Daga wannan shekara zuwa 1958 sun yi gajerun finafinai 114, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Gene Deitch ya ƙara 13 a birnin Prag tsakanin 1961 da 1962, Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967. Kusan dukkansu labari ɗaya ne: muzuru Tom yana farautar ɓera Jerry, kuma ba ya cin nasara. A ƙarƙashin wannan babban barkwanci akwai ƙanana da ke dawowa: tarkon da Tom ya ɗana ya kama jelarsa, nakiyar da ya kunna ta fashe a hannunsa, fuskarsa ta ɗauki siffar kaskon da aka maka masa, ko kuma gudun ya kai su kan Spike, ƙaton karen da ke barci a tsakar gida.

A 1949 Chuck Jones da marubuci Michael Maltese suka fito da Wile E. Coyote, wani karen daji mai kama da dila, wanda ke bin tsuntsun nan mai gudu, Road Runner. Kullum yakan sayo sabuwar na'ura daga kamfanin ƙage mai suna Acme, kullum kuma na'urar takan juyo kansa. Sanannen abin da ke maimaituwa shi ne ya wuce bakin dutse da gudu, ya ci gaba da tafiya a kan iska, ba zai faɗa ba sai ya dubi ƙasa.

The Simpsons na Matt Groening ya fara a matsayin gajerun zane a 1987, ya zama cikakken shiri a tashar Fox ranar 17 ga Disamba, 1989, kuma ya haura kashi 750. Tun daga buɗewarsa akwai maimaitaccen barkwanci biyu. Ana nuna yaro Bart yana rubuta jimla ɗaya a allon aji a matsayin horo, jimlar tana canzawa daga kashi zuwa kashi. Sannan iyalin su rugo gida su nufi kujerar falo, inda wani abin mamaki daban yake faruwa. Wannan na kujera yana da wani amfani ga masu shirin: sukan tsawaita shi ko su gajarta shi don cike lokacin da tashar ta ba su. Sauran sun haɗa da kiran wayar tsokana da Bart ke yi wa mai mashaya Moe, da yadda attajiri Mista Burns ba ya taɓa tuna sunan Homer duk da shekarun da ya yi yana masa aiki, da ƙarar takaicin Homer, "D'oh", wadda ta shiga ƙamusun Oxford a 2001. A wani kashi na 1993 mai suna Cape Feare, mugu Sideshow Bob ya taka manjagara ta buge shi a fuska har sau tara a jere. An tsawaita wurin ne don kashin ya gaza tsawo, amma ya zama misalin da ake bayarwa na abin da ke ba da dariya, ya daina, sannan ya dawo ya fi na farko.

Tushensa a adabin baka na Hausa

Yaron da ya tashi da tatsuniya ba ya buƙatar a yi masa bayanin Tom da Jerry. Kura tana da ƙarfi da haɗama, Gizo ba shi da ƙarfi sai wayo, kuma tun daga "ga ta nan, ga ta nanku" kowa ya san wanda zai kwana a ciki. Gizo yana da tsamin baki, mai ba da tatsuniya yakan kwaikwayi maganarsa, yara su yi dariya ko da sun ji sau ɗari. Matarsa Ƙoƙi da kwaɗayinsa da ƙaryar da yake shirgawa don ya ci shi kaɗai duk abubuwa ne da ake jira.

Haka wasan barkwanci yake tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da taubasai, da jika da kaka. Tsokanar ba sabuwa ba ce, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai faɗa, daɗin yana ga wanda ya fi iya juya ta a ranar. 'Yan kama su ma suna da nasu: sukan ɗauki salon karatun malamai ko na waƙa su karkatar da shi zuwa zancen tuwo da miya. A Kano kuma akwai wanda ke dawowa shekara-shekara, wato tashen gwauro a watan azumi, inda Nalako yake farautar mazan da ba su da mata.

Fagge da Sabon Gari

Yawancin abin da Kanawa suka fara gani na barkwancin allo ya shigo ne ta bayan ganuwa. Fagge tsohon zango ne na fatake da baƙi, Sabon Gari kuwa an kafa ta ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, ta zama mazaunin mutanen kudancin Najeriya da na wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. A wannan yanki aka gina gidajen silima na farko, tun daga Rex a 1937, daga baya aka sami irin su El Dorado a Sabon Gari da Plaza a Fagge. Daga sunan Charlie Chaplin, mai ƙaramar hula da sanda da manyan takalma, Hausa ta sami kalmar cali ko cali-cali, wadda ake kiran mai ba da dariya a fim da ita.

Wurin da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Banufe ke zama a benci ɗaya yana buƙatar barkwancin da ba ya jingina da harshe. Wannan na daga cikin dalilan karɓuwar Tom and Jerry, wanda kusan babu magana a cikinsa, sai kiɗa da motsi. Ya bi kowace hanya da zamani ya kawo: talabijin, kaset ɗin bidiyo, faifan CD da ake sayarwa a wajejen Bata da Ƙofar Wambai, tashoshin tauraron ɗan'adam, har zuwa shagunan tura finafinai a waya. The Simpsons bai sami irin wannan shiga ba, domin rabin dariyarsa tana cikin Turanci da siyasar Amurka.

Cuɗanyar harsuna ta irin waɗannan unguwanni da ta barikin soja ta haifar da wani barkwancin na dabam, wato kwaikwayon Hausar ɗan koyo, wanda ke ce wa mace "ya zo", ya ce wa namiji "ta tafi". Masu wasan kwaikwayo sun daɗe suna cin abinci da shi.

A wasan kwaikwayo da finafinan Hausa

Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne da ya yi suna da shirin Samanja Mazan Fama a rediyo da talabijin na Kaduna. Sunan kansa Hausantar da muƙamin saje-manjo ne. Abin da masu kallo ke jira a kowane mako shi ne Hausarsa ta bariki gauraye da Turancin soja, da yadda yake ɗaukar kowace matsalar gida kamar yana filin fareti.

Wanda ya fi kowa amfani da dabarar a Kannywood shi ne Rabilu Musa Ibro, haifaffen Ɗanlasan a ƙaramar hukumar Warawa, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim. Finafinansa ba shiri ɗaya ba ne mai kashi-kashi, amma sun yi aiki kamar haka, domin mutum ɗaya ne ke dawowa da sabuwar riga. Sunayen ma sun nuna tsarin: Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Awilo, Ibro Aloko. Ɓangaren da ba ya canzawa shi ne Ibro, da jar hularsa, da zare ido, da cika bakin da ke ƙarewa da gudu. Ɓangaren da ke canzawa shi ne sana'ar da ya shiga ko shahararren mutumin da yake kwaikwaya. Abokan wasansa irin su Kulu da Yautai da Ɗan Gwari kowa yana da halin da aka san shi da shi, kuma da zarar ya bayyana an san irin rigimar da za a yi.

Shirin Gidan Badamasi, wanda Falalu A. Ɗorayi ya ba da umarni kuma tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ya fi kusa da tsarin The Simpsons: gida ɗaya, mutane ɗaya, matsala ɗaya. Alhaji Badamasi attajiri ne marowaci mai tarin 'ya'ya, kowannensu yana ƙulla dabarar da zai raba shi da kuɗinsa, dabarar kuma tana warwarewa. A nan 'ya'yan ne Tom, dukiyar ita ce Jerry.

Iyakokinsa

Matsala ta farko ita ce gajiya. A shirin South Park, wanda ya fara a 1997, yaro Kenny yakan mutu a kusan kowane kashi na zango biyar na farko, ya dawo a na gaba ba tare da bayani ba. Masu shirin da kansu suka gaji da neman sabuwar hanyar kashe shi, suka cire shi a ƙarshen 2001, bayan shekara guda suka dawo da shi, suka kuma rage yawan mutuwar.

Ta biyu ita ce barkwancin da aka ɗora a kan ƙabila. Abin da aka faɗa sau ɗaya wasa ne, amma wanda aka maimaita shekara 20 yakan zama hoton da yara ke ɗauka na mutanen. A tsofaffin finafinan Tom and Jerry akwai wata baƙar mace da ba a cika nuna fuskarta ba, wadda daga baya aka sake mata murya ko aka sauya zanenta saboda ƙorafin cewa siffar ta ƙasƙantar da baƙaƙen Amurka. A The Simpsons, wani fim na 2017 da Hari Kondabolu ya yi ya soki yadda ake nuna Apu, ɗan Indiya mai kanti, kuma a 2020 Hank Azaria ya daina yi masa murya. Irin wannan tambaya tana kan Bagwari da Bafulatani da Ibo na finafinan camama. Wasan barkwanci na gargajiya yana da ƙa'ida: ɓangarorin biyu sun yarda da shi, kuma kowa yana da damar ramawa. A fim kuwa wanda ake kwaikwaya ba ya wurin balle ya rama.

Ta uku ita ce mutuwar mai wasan. Zanen katun yakan wuce hannun wanda ya ƙirƙire shi, shi ya sa Tom da Jerry suka ci gaba bayan rasuwar Hanna a 2001 da Barbera a 2006. Duk da haka, da Marcia Wallace ta rasu a 2013, masu The Simpsons sun ajiye malamar makarantar da take yi wa murya, suka yi mata bankwana da layi ɗaya a allon Bart. A wasan da mutum ke fitowa da jikinsa abin ya fi tsanani. Da Ibro ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014, jerin finafinan da ke ɗauke da sunansa ya tsaya, ko da yake gutsattsarinsu na ci gaba da yawo a YouTube da TikTok da wayoyin mutane.